GA ƘOSHI GA KWANAN YUNWA: 'YA'YAN UNGOGO DA JIRGIN SAMA

Duk malamin da ya taɓa koyarwa a Fanisau, ko a sauran makarantun ƙasar Ungogo da ke kewaye da filin jirgin saman Kano, ya san wani abu wanda ba a rubuta cikin manhaja ba. Malam yana tsakiyar lissafi, alli a hannu, sai ƙugin jirgi ya taso ya danne muryarsa. Tilas ya yi shiru, yara su juya wajen taga, har ƙarar ta wuce, sa'an nan a koma inda aka tsaya. Haka a ke yi kullum, safe da rana, har abin ya zama jiki.

Mai wannan rubutu ya taɓa zuwa rangadi wata makaranta a wannan yanki, ya tambayi 'yan aji shida wane ne a cikinsu ya taɓa ganin jirgin sama. Duk suka ɗaga hannu suna dariya, don tambayar ta yi musu kama da wasa. Ya sake tambaya wane ne ya taɓa shiga jirgi, ko ya taɓa ɗora hannu a jikinsa yana tsaye a ƙasa. Ba wanda ya motsa. Da ya tambaya ta yaya mutum ya ke zama matuƙi, sai wani yaro ya amsa da iyakar gaskiyarsa, ya ce ai wannan aikin 'ya'yan masu kuɗi ne. Wannan amsa ita ce dalilin maganarmu ta yau, gama abin da Hausawa ke kira ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Kano ba baƙuwar jirgin sama ba ce. Ran 1 ga Nuwamba, 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a filin wasan dawaki na Kano, sun taso daga Masar, shugabansu wani hafsa mai suna Arthur Coningham. A 1936 jiragen kamfanin Imperial Airways suka fara zuwa da wasiƙu da fasinja. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tun daga 1940, dubban jiragen yaƙi da a ke harhaɗawa a Takoradi ta ƙasar Gana ta Kano su ke biyowa, su sha mai su huta, su wuce Maiduguri da Sudan har Masar. Bayan yaƙi Kano ta zama zangon jiragen da ke ratsa Sahara, har dattawa na tuna mutumin nan da ke hawa raƙumi yana busa kakaki don sanar da isowar jirgi. A 1957 aka buɗe sabon ginin saukar baƙi. Daga baya aka sa wa filin sunan Malam Aminu Kano, wanda kowa ya sani asalinsa malamin makaranta ne, ya koyar a Midil ta Bauchi, ya kuma shugabanci makarantar horon malamai ta Maru.

To, a 2025 aka cika shekara 100 cif da saukar waɗancan jirage uku. Ya kamata mu tambayi kanmu, cikin wannan shekara ɗari mene ne rabon maƙwabtan filin? Sun sami ƙara da shinge. Waɗansu sun sami aikin dako da gadi da shara, kuma ba mu raina wannan ba, don neman halal ne. Sun kuma ɗauki nasu kason na baƙin ciki, kamar yadda mutanen Gwammaja suka gani ran 4 ga Mayu, 2002, sa'ad da jirgi ya faɗa kan gidajensu jim kaɗan bayan ya tashi, aka rasa rai sama da 100. Amma ilmin abin, watau tuƙi da gyaran inji da duba yanayin sama da aikin hasumiya, wannan ya tsaya can bayan shinge. Wanda ya ɗauki wahalar abu lalle yana da hakki a cikin amfaninsa.

Dalilin wannan nisa ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Babban filin jirgi kamar fadar Sarki ya ke, ba a shiga sai da iso, kuma daidai ne, don tsaron rayukan jama'a. Abin da muka rasa shi ne ƙaramar ƙofa. A ƙasashen da suka yi nisa cikin wannan sha'ani, ƙaramar ƙofar ita ce ɗan filin ƙaramin gari wanda ƙungiyar masu sha'awar tuƙi ke riƙe da shi. Bari mu bayyana yadda abin ya ke, don da yawa daga cikin masu karatunmu ba su taɓa ganin irinsa ba.

Mutum talatin ko hamsin na gari guda, da likita da ɗan kasuwa da malami da makaniki, su kan haɗu su kafa kulob. Ba wanda zai iya sayen jirgi shi kaɗai, don haka sai su tara kuɗi su sayi ɗaya ko biyu ƙanana, masu kujera biyu ko huɗu, irin su Cessna 172 wanda aka fara sayarwa a 1956, aka kuma ƙera sama da 40,000. Kowa ya biya kuɗin wata, in ya tashi kuma ya biya gwargwadon sa'o'in da ya yi a sama. Filin nasu sau da yawa ba kwalta, ciyawa ce kawai a ke yankewa. Ga rumfar ajiye jirage, ga tankin mai, ga wata doguwar jaka a kan sanda mai nuna inda iska ta dosa, ga ɗaki guda na karatu. Su ne ke yanke ciyawar, su ne ke gyaran shinge, su ne ke riƙe littafin kuɗi, suna da shugaba da sakatare da ma'aji kamar kowace jam'iyyar gama kai. Hukuma tata ita ce ta ba da lasin, ta zo ta duba, in ta ga sakaci ta rufe. Bisa ƙa'idar Hukumar Jiragen Sama ta Duniya, watau ICAO, mai shekara 17 yana iya samun lasin na farko in ya cika aƙalla sa'a 40 a sama, ya kuma ci jarrabawa, likita ya tabbatar da lafiyarsa.

Kada a ɗauka wannan wasan banza ne. A shekarar nan ta 1925 da jirage suka fara sauka Kano, a cikinta ne Gwamnatin Ingila ta fara taimakon irin waɗannan kulob-kulob da kuɗi da ƙananan jirage masu suna Moth. A ɗaya daga cikinsu, na birnin London, wata mace mai suna Amy Johnson ta koyi tuƙi da gyaran inji. Ku akawuna ku lura, aikinta a lokacin sakatariya ce a ofishin lauya. A 1930 ta tuƙa jirgi ita kaɗai tun daga Ingila har Ostareliya. A Amurka kuwa, Neil Armstrong, wanda ya fara taka wata a 1969, a ɗan filin garinsu Wapakoneta ya koyi tuƙi, ya sami izinin tashi yana da shekara 16, tun bai sami lasin mota ba. A nan Afirka an kafa kulob a Nairobi a 1927, a birnin nan ne kuma aka fara aikin likitoci masu jirgin sama a 1957. Mu ma nan Arewa an yi irin wannan aikin likita daga Gusau a shekarun 1960. Har yau ma in tsuntsayen jan-baki suka far wa gonakin kwarin Haɗeja, da ƙaramin jirgi a ke fesa musu magani. Ashe ƙaramin jirgi ya fi kusa da talaka a kan babba.

Ba mu ce ba a yi kome ba. A 1964 aka kafa makarantar koyon aikin jiragen sama a Zariya, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ta yi wa ƙasar nan aiki ƙwarai. A can Kyaftin Chinyere Kalu ta koyi tuƙi, ita ce mace ta farko a Nijeriya da ta sami lasin tuƙin jirgin haya, har ta zo ta shugabanci makarantar. Amma daga Kano zuwa Zariya wajen mil 100 ne, kuɗin karatun kuwa miliyoyin Naira ne. Fiye da wannan, makarantar tana karɓar wanda ya riga ya san abin da ya ke so. Wa zai nuna wa ɗan manomin Ungogo, yana da shekara goma sha biyu, cewa akwai hanya? Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Hazaƙa kuwa ba ita muka rasa ba. A 2007 jaridun duniya sun ba da labarin wani ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa helikwafta da tarkacen mota da babur, har ta ɗaga daga ƙasa. Da akwai kulob a kusa, da ya sami dattijon makanikin da zai kama hannunsa.

Sabo da haka ra'ayinmu shi ne, ya kamata Kano ta sami kulob na koyon tuƙin ƙananan jirage, wanda mutanen gari za su riƙe da kansu. Masu iya wannan suna nan. Attajiran Kano da Katsina ne suka kafa kamfanonin Kabo Air da Max Air da Azman da Rano Air, ga kuma matuƙa da injiniyoyi da suka yi ritaya suna zaune a gida da ilminsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannuwan ba su yi kaɗan ba.

Sai dai a nan ne mu ke so a saurare mu da kyau. Kome nisan jifa ƙasa zai faɗo, jirgi kuma kome ƙanƙantarsa yana bukatar wurin sauka. Duk ranar da aka tashi wannan magana, abin da zai fara zuwa zuciyar masu ita shi ne a leƙa arewacin birni, a sami gonaki a Ungogo, a auna, a biya diyya, a share. Mu ba mu yarda da wannan ba, ko kaɗan.

Ƙasar Ungogo ba daji ba ce. Tana cikin yankin nan na kewayen Kano da masana suka daɗe suna misali da shi wajen yawan jama'a da ƙwazon noma. A shekarun 1960 Michael Mortimore na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi nazarin gundumar, ya nuna yadda a ke noma gona guda kowace shekara ba hutu, amma ba ta mutu ba, don manomi yana ciyar da ita da taki. Jakuna su kai itace birni su komo da taki, ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo suna tsaye cikin gero da dawa da gyaɗa da wake, ko wane icce da mai shi. Ƙidayar 2006 ta sami sama da mutum 360,000 a Ƙaramar Hukumar Ungogo, a ƙasar da faɗinta bai wuce murabba'in mil 80 ba. Tun daga lokacin birni sai ƙara cin gonakin ya ke yi ta wajen Rijiyar Zaki da Bachirawa da Tudun Fulani, yau gona gobe fuloti.

Malamai su ba 'yan aji shida wannan lissafi. Hanyar tashi mai tsawon yadi 1,000 da faɗin yadi 60, eka nawa ke nan? Amsa ta fi eka 12. Wannan hanyar kaɗai ke nan, ba a sa rumfa da wurin mai da hanyar mota da shinge ba. Sa'an nan dole a sare dogayen itatuwa a bakin hanyar ta gabas da ta yamma, ko ta kudu da ta arewa, a hana gina bene, a toshe turbar da mata ke bi zuwa rijiya da burtalin da shanu ke bi. A inda gado ya rarraba gonaki suka zama 'yan ƙanana, wannan abincin gidaje da yawa ne. Diyya kuwa, akawunan ofishin ƙasa sun fi kowa sanin yadda ta ke. Bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, in Gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, abin da ke kai a ke biya, watau amfanin gona da gini da itatuwa, ba ƙasar kanta ba. Kuɗin ya ƙare cikin shekara, gonar kuwa da ta ciyar da jikoki. In aka karɓe gonar uba don a nuna wa ɗansa jirgi, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

To, ina za a yi? Mu a ganinmu a fara duba abin da ke hannu. Filin Malam Aminu Kano yana da hanyoyin tashi guda biyu, babbar ta fi mil biyu, ga hasumiya, ga 'yan kwana-kwana, ga masu duba yanayin sama, ga sansanin sojan sama a gefe. A roƙi hukumomin Tarayya masu kula da filayen jirage da sararin sama, da su sojan, su ware wa kulob ɗin wata kusurwa da waɗansu sa'o'i, ban da lokacin jigilar alhazai da filin ke cika. In masana suka ce ba zai yiwu a cakuɗa ɗan koyo da manyan jirage ba, to, sai a ajiye ɗakin karatu da wurin koyon gyaran inji a nan kusa da jama'a, tashi kuwa a yi yarjejeniya da Zariya, ko a nemi fako mai nisa wanda ba a nomawa. Gara a yi tafiyar sa'a biyu a mota da a tashi ƙauye.

Mun san akwai masu cewa wannan duk maganar ƙoshi ce, alhali ga yara na zaune a ƙasa ba benci, har Gwamnatin Jihar Kano ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi a 2024. Gaskiyarsu, kuma mu ma da su mu ke. Don haka ba mu nemi a taɓa ko kwabo daga kuɗin ilmi ba. Kulob na masu shi ne, su za su ɗauki nauyinsa. Abin da Hukuma za ta bayar shi ne izini da wuri, wannan kuwa ba za a ba da shi kyauta ba. A rubuta sharuɗɗa a takarda. Na farko, ko wane wata a keɓe rana guda ta 'yan makaranta, maza da mata, su shiga su taɓa su yi tambaya. Na biyu, kowace shekara kulob ya ɗauki nauyin waɗansu yara daga gundumomin da ke kewaye da filin, a zaɓe su ta jarrabawa a fili, ba ta takardar wane da wane ba. Na uku, a ɗauki samari koyon gyaran inji da aikin rediyo, gama bayan ko wane matuƙi guda akwai ma'aikata da yawa a ƙasa, kuma a nan ne galibin aikin ya ke. Na huɗu, odita ya duba littafin kuɗi kowace shekara a karanta wa membobi. In aka karya sharaɗi, a karɓe izini. In ba haka ba, kulob zai zama wurin shan iskar manya, shinge na biyu a cikin na farko.

Akwai kuma masu tsoron haɗari, su ma ba mu ga laifinsu ba. Kano ba ta manta da ran 22 ga Janairu, 1973 ba, da jirgin alhazai ya yi haɗari wajen sauka, mutum 176 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Samaniyarmu tana da halinta. Da hunturu hazo ya kan rufe gari har mutum bai ga ƙarshen unguwa ba, ɗan koyo kuwa da ido ya ke tuƙi, tilas ya zauna ƙasa. Da damina hadari ya kan taso da guguwa cikin ɗan lokaci. Ga shirwa da ungulu da ke taruwa a inda a ke zubar da shara, tsuntsu guda yana iya kashe inji. Ga man ƙananan jirage na daban ne, yana da tsada da wuyar samu, ko da ya ke yanzu akwai waɗanda ke shan irin kananzir ɗin manyan jirage. Duk wannan gaskiya ne. Amma maganin haɗari horo ne da bin doka, ba jahilci ba. Unguwar da 'ya'yanta suka san dalilin da ya sa ba a zubar da shara ko gina bene a bakin hanyar jirgi, ta fi zama lafiya a kan wadda sai dai a kore ta da bulala.

Yanzu sai mu juyo gare ku, masu karatu, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ku malamai, kada ku jira sai jirgi ya zo. Ƙarar nan da ke katse muku darasi ku mai da ita darasi. Ku koya wa yara dalilin da ya sa jirgi ke fuskantar iska in zai tashi, da yadda fiffike ke ɗaukar nauyi, da yadda a ke karanta taswira da kamfas, da lissafin nisa da gudu da lokaci. Kara da takarda da zare sun isa a yi ɗan jirgin gwaji a cikin aji, amma kada a saki kome sama kusa da filin, don doka ta hana. Ku rubuta wa shugabannin filin ta hannun sakataren ilmi ku nemi izinin kai ziyara. Ku nemo tsohon matuƙi ko injiniya ya zo ya yi wa yara magana da Hausa. Ku kuma faɗa musu gaskiya, ba mai shiga wannan aiki sai ya iya lissafi da kimiyya da Turanci, don da Turanci a ke magana da hasumiya a duniya duka.

Ku kuma akawuna da sakatarori, magadan ma'aikatan En'e na da, takardu ta hannunku su ke bi. In takardar neman izinin ziyara ta zo, kada ta kwana cikin fayil. In takardar sukolashif ta zo, a kafa ta a allo kowa ya gani, har Dagatai da masu unguwanni su sani. In kuwa wata rana takardar auna gonaki ta zo da sunan filin jirgi, ku tambaya ko an duba wani wuri, ko an ji ta bakin Hakimi da masu gonakin, ku rubuta abin da kuka gani tsakaninku da Allah. Alƙalamin akawu ƙarami ne, amma ya sha tsare gonar maraya.

Abin da mu ke nema bai fi ƙarfin Kano ba: a buɗe wa yaron Ungogo ƙofar sama, a bar wa ubansa ƙasarsa. Garin da ya karɓi jirgi tun 1925 bai kamata a ce har yanzu 'ya'yan maƙwabtan filinsa daga taga su ke hangensa ba. Allah ya ba shugabanninmu ikon duba wannan magana da idon basira, ya sa albarka cikin gonakinmu da 'ya'yanmu, amin.